Daga Zauren Horon Jami'ar Michigan Zuwa Olamfik: Tambayoyi da Amsoshi Kan 'Yan Jimnastik Maza

Tun daren 29 ga Yulin 2024, lokacin da tawagar maza ta Amurka ta ci lambar tagulla a wasan jimnastik a gasar Olamfik ta birnin Paris, masu bin wasanni suke maimaita wasu tambayoyi game da inda waɗannan samari suka fito, da yadda ɗalibin da yake zaman aji yake iya karawa da gwanayen duniya. An tattara tambayoyin a nan, kuma an ɗauki Jami'ar Michigan a matsayin misali, domin biyu daga cikin mutum biyar na wannan tawaga ɗalibanta ne, sannan daga zauren horonta ne ɗan jimnastik na farko da ya wakilci Najeriya a Olamfik ya fito.

Mene ne jimnastik na maza, kuma me ake yi a cikinsa?

Jimnastik shi ne abin da mutane da yawa suke kira wasan alkafura, ko da yake alkafura ɓangare ɗaya ce kawai daga cikinsa. Maza suna fafatawa a kan kayan wasa shida. Akwai fili mai tsawon mita 12 da faɗin mita 12, wanda aka shimfiɗa a kan abin da yake cilla mutum sama, inda ake jera alkafura iri-iri. Akwai doki, wato wani dogon gungume mai rufi da mariƙa biyu a bayansa, wanda ɗan wasa yake wulwula ƙafafunsa a kewayensa ba tsayawa, hannuwa kaɗai suna ɗauke da nauyinsa. Akwai zobba biyu da aka rataya da igiya, inda ake gwada ƙarfin kafaɗa, kuma duk tsayuwar ƙarfi da aka yi sai an riƙe ta daƙiƙa biyu cur kafin alƙalai su karɓa. Sai teburin tsallake mai tsayin santimita 135, wanda ake sheƙo gudu daga nisan da bai wuce mita 25 ba a dafa shi a tashi sama. Sai tagwayen sanduna da suke jere da juna, sai kuma sandar sama ta ƙarfe, wadda ɗan wasa yake lilo a kanta, ya sake ta ya juya a iska ya sake cafke ta.

A Olamfik ana raba wa maza lambobi a rukuni takwas: na tawaga, na mutum ɗaya da ya yi duka kayan shida, wanda za a riƙa kira gasar shida-duka a wannan shafi, sai kuma na kowane kayan wasa shi kaɗai.

Me ya haɗa jami'a da wasan da ake yi a Olamfik?

A Amurka, jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasanni nasu da suke karawa da juna ƙarƙashin wata hukuma da ake kira NCAA, kuma jami'ar ce take biyan koci, ta gina zauren horo, ta ɗauki likitoci da masu gashin ƙashi, ta kuma biya kuɗin tafiye-tafiye. Gwamnatin Amurka ba ta da ma'aikatar wasanni da take ɗaukar nauyin 'yan wasa kamar yadda ake yi a ƙasar Sin, saboda haka wannan nauyi a jimnastik na maza ya faɗa ne a wuyan jami'o'i.

Akwai kuma dalilin da ya shafi jikin ɗan Adam. Zobba da doki da tagwayen sanduna suna buƙatar ƙarfin da yaro ba ya samu sai ya zama cikakken saurayi, don haka namiji yakan kai ganiyarsa ne bayan ya haura shekara 20, daidai lokacin da yake jami'a ko bayan ya kammala. Shi ya sa dukkan mutum biyar ɗin da suka ci tagulla a Paris ta jami'a suka biyo: Asher Hong da Brody Malone daga Stanford, Stephen Nedoroscik daga Penn State, sai Paul Juda da Frederick Richard daga Michigan. Haka abin yake tun da daɗewa, domin tawagar da ta ci zinare a Los Angeles a 1984 ta ƙunshi mutum uku daga UCLA, biyu daga Nebraska, ɗaya daga Oklahoma.

Wane tarihi Michigan take da shi a wannan wasa?

Jami'ar tana garin Ann Arbor, kuma mutumin da ya kafa harsashin ƙungiyarta ta zamani shi ne Newt Loken, wanda ya riƙe ta daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa 1983, ya kuma ci mata kofin ƙasa na jami'o'i a 1963 da 1970. Zauren da ƙungiyar take horo a yau sunansa yake ɗauke da shi. Bayan tafiyarsa ƙungiyar ta yi sanyi na tsawon lokaci, sai da Kurt Golder ya karɓe ta a tsakiyar shekarun 1990 tana can ƙasa, cikin 'yan shekaru ya kai ta ga kofin 1999, sannan ya ƙara na 2010 da 2013 da 2014. Da ya yi ritaya a 2021, sai Yuan Xiao, ɗan asalin ƙasar Sin wanda ya daɗe yana mataimakinsa, ya gaje shi, kuma a hannunsa aka ci kofi na bakwai a 2025.

Kofi bakwai ba shi ne mafi yawa ba. Zuwa 2025, Penn State da Oklahoma suna da 12 kowacce, Illinois da Stanford suna da 10 kowacce, Nebraska tana da 8. Abin da ya sa Michigan ta cancanci a tsaya a kanta shi ne yawan tutocin ƙasashen da ɗalibanta suka ɗauka zuwa Olamfik, kamar yadda za a gani a amsoshin da suka shafi Najeriya da sauran ƙasashe.

Su wane ne na farko da suka kai Olamfik daga wannan ƙungiya?

'Yan Kanada ne, wadda iyakarta ba ta da nisa da Ann Arbor. Ed Gagnier ya wakilci Kanada a Melbourne a 1956, sannan Gil Larose, wanda ya ci gasar shida-duka ta jami'o'i a 1963, ya je Olamfik na 1964 da na 1968.

Wane ne Sam Mikulak, kuma me ya sa sunansa yake yawan fitowa?

Mikulak ɗan jihar Kalifoniya ne da aka haifa a 1992, kuma iyayensa duka biyu sun yi jimnastik a jami'a. Ya ci gasar shida-duka ta jami'o'i a 2011 yana ɗan aji ɗaya, ya sake ci a 2013 da 2014, kuma a waɗannan shekaru biyun ya jagoranci Michigan ta ɗauki kofin ƙasa a jere. A matakin ƙasa baki ɗaya ya zama zakaran Amurka sau shida: daga 2013 zuwa 2016 babu fashi, sai 2018 da 2019. Ya je Olamfik sau uku, a Landan da Rio da Tokyo.

Duk da haka bai taɓa rataya lambar Olamfik ba, kuma wannan ne ya sa tarihinsa yake taɓa zuciya. A duka ukun tawagar Amurka ta ƙare ne a matsayi na biyar. A Rio ya zo na huɗu a sandar sama, wato taki ɗaya tsakaninsa da lamba. Jikinsa ma ya sha wuya, domin ya karya idon sawunsa duka biyu a 2011, shekara ɗaya kafin Landan, sannan jijiyar agararsa ta tsinke a 2017. Lambarsa ta ƙashin kansa a gasar duniya ita ce tagullar sandar sama da ya ci a Doha a 2018, bayan tagullar tawaga ta 2014. Kafin Tokyo ya fito fili ya yi magana kan damuwa da nauyin tsammanin jama'a da suka daɗe suna cinsa, abin da maza 'yan wasa ba su cika yi ba. A ganin mai wannan rubutu, wanda zai auna Mikulak da lambar Olamfik kaɗai bai yi masa adalci ba, domin shi ne ya riƙe tutar wasan kusan shekara goma a lokacin da ba kowa ne yake waiwayarsa ba, kuma a Paris yana cikin masu horarwa da suke tsaye a gefen fili lokacin da ƙannensa suka ci abin da ya kuɓuce masa.

Yaya ake ba da maki, kuma me ya sa ba a jin an ce wani ya ci 10 cif?

An daina tsohon tsarin maki 10 tun 2006, bayan taƙaddamar alƙalanci da ta tashi a Olamfik na Athens a 2004. Yanzu maki kashi biyu ne ake haɗawa. Kashi na farko na wahalar abin da ɗan wasa ya yi ne, kuma ba shi da iyaka, domin kowane salo yana da darajarsa a kundin hukumar jimnastik ta duniya. Kashi na biyu na tsaftar aiki ne, wanda yake farawa daga 10 alƙalai suna zabtarewa: gwiwa ta lanƙwashe, ƙafafu sun rabu, an ɗan yi taku bayan dira, duk akwai abin da ake cirewa. Faɗuwa kuwa maki ɗaya ne cur. Daga 2025 salo takwas ake ƙirgawa a kowane wasa, ban da tsallaken tebur, maimakon goma, wanda ya sa jimillar maki ta ɗan sauka.

A wasan ƙarshe na tawaga a Olamfik, mutum uku ne suke hawa kowane kayan wasa, kuma dukkan makin ukun ake lissafawa, babu wanda ake jefarwa. Wannan ƙa'ida ita ce mabuɗin fahimtar amsa ta gaba.

Me ya faru a Paris a 2024?

Amurka ta shiga wasan ƙarshe ne a matsayi na biyar bayan zagayen share fage da bai yi mata daɗi ba, kuma rabonta da lambar tawagar maza a Olamfik tun tagullar Beijing a 2008. A daren ƙarshe a zauren Bercy, samarin sun hau kayan wasa sau 18 ba tare da ko ɗaya ya faɗi ba. Juda ya tsallake tebur ya dira daram kamar an dasa shi, Richard ya yi wasan sandar sama mai tsafta, Hong da Malone suka riƙe nasu ɓangaren. Juyi na ƙarshe ya faɗo a kan doki, kayan wasan da aka fi saurin zamewa a kansa, domin hannu ɗaya ya kauce da faɗin yatsa, shi ke nan. Juda ne ya fara hawa, ya shafa alli a tafin hannu, ya kama mariƙa, ya wulwula har ya sauka lafiya. Malone ya bi bayansa. Sannan Nedoroscik, wanda aka tafi da shi saboda doki kaɗai, kuma ya shafe sa'o'i yana zaune yana jiran wannan lokaci, ya cire tabaransa ya hau ya rufe aikin.

Japan ta ci zinare da maki 259.594, Sin ta ci azurfa da 259.062, Amurka ta samu 257.793. Bayan kwana biyu, ɗaliban Michigan ɗin nan biyu su ne suka wakilci Amurka a wasan ƙarshe na shida-duka, inda Juda ya zo na 14, Richard na 15. Wannan sakamako na biyu yana nuna gaskiyar lamarin: a matsayin ɗaiɗaiku har yanzu akwai rata tsakaninsu da gwanayen Japan da Sin wajen wahalar salo, kuma abin da ya kai su ga lamba shi ne rashin faɗuwa a daren da ake ƙirga komai.

Su wane ne Frederick Richard da Paul Juda?

Richard ɗan garin Stoughton ne a jihar Massachusetts, an haife shi a 2004, kuma mahaifinsa ɗan asalin Haiti ne. Ya ci gasar shida-duka ta jami'o'i a 2023 yana ɗan aji ɗaya, sannan a watan Oktoban wannan shekara ya je gasar duniya a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, inda ya ci tagullar shida-duka yana da shekara 19, a bayan Hashimoto Daiki na Japan da Illia Kovtun na Yukiren, duk da cewa ya faɗo daga sandar sama a juyin ƙarshe. Rabon da wani Ba'amurke ya ci lambar shida-duka a gasar duniya tun 2010. Shi ne kuma ya zo na ɗaya a gasar tantance tawagar Paris. Baƙar fata ne a wasan da baƙaƙen fata maza ba su da yawa a ƙasarsa, kuma ya tara ɗimbin mabiya a TikTok da Instagram inda yake nuna wa matasa yadda wasan yake daga ciki.

Hanyar Juda ta fi karkace-karkace. Ɗan jihar Illinois ne, iyayensa sun yi ƙaura ne daga Folan. A 2021 ya zo na biyu a gasar nahiyar Amurka a Rio, abin da ya samar wa ƙasarsa ƙarin gurbi ɗaya a Tokyo, amma gurbin na ƙasa ne ba nasa ba, kuma aka ba wani, shi ya zauna a gida. Ya ci gasar shida-duka ta jami'o'i a 2022, rauni ya hana shi kakar jami'a ta 2023, ya warke ya shiga tawagar Antwerp wadda ta ci tagulla tare da Richard. Ba shi ne mai salo mafi wahala ba, amma mutum ne da ake iya sa shi ya fara hawa a lokacin da zukata suke dukan uku-uku, kuma tawaga ba ta rabuwa da buƙatar irinsa.

Da gaske ne akwai wanda ya wakilci Najeriya daga wannan ƙungiya?

Gaskiya ne. Uche Eke, wanda aka haifa a Amurka a 1997 ya kuma tashi a jihar Maryland, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma ya yi karatun kimiyyar kwamfuta a Michigan yana cikin ƙungiyar jimnastik ɗinta. A gasar wasannin Afirka da aka yi a Rabat ta ƙasar Maroko a 2019 ya ci wa Najeriya zinare a doki da tagulla a tagwayen sanduna. A watan Mayun 2021 ya zo na uku a shida-duka a gasar jimnastik ta Afirka a Alƙahira, wanda ya ba shi gurbin Tokyo, ya zama ɗan jimnastik na farko da ya taɓa wakiltar Najeriya a Olamfik.

Bai tsallake zagayen share fage ba a Tokyo, kuma babu dalilin ɓoye hakan. Amma Najeriya ta fara zuwa Olamfik tun 1952, kuma sai bayan kusan shekara 70 aka ga tutarta a zauren jimnastik. Ya kamata kuma a faɗi ɗaya gefen a fili: horon da ya kai shi can ba a Najeriya aka yi shi ba, kayan aikin Maryland da na Ann Arbor ne suka gina shi.

Ta yaya ɗalibin jami'ar Amurka yake wakiltar wata ƙasa?

Jami'a ba ruwanta da tutar da ɗalibi zai ɗauka a waje. Abin da ake dubawa shi ne takardar ɗan ƙasa da amincewar hukumar jimnastik ta ƙasar da kuma ta duniya. Ta haka Syque Caesar ya wakilci Bangaladash a Landan a 2012 yana ɗalibin Michigan, kuma a Paris a 2024 Lais Najjar ya wakilci Siriya, Kevin Penev kuma, wanda shi ma ya bi ta Michigan, ya wakilci Bulgeriya. Caesar daga baya ya zama koci, kuma yana cikin waɗanda suka horar da Malone da Nedoroscik kafin Paris.

Ƙasashe 12 ne kawai suke samun gurbin cikakkiyar tawaga ta maza a Olamfik. Sauran 'yan wasa suna shiga ne ɗai-ɗai, ta gasar duniya, ko jerin gasannin kofin duniya na kowane kayan wasa, ko gasar nahiya kamar wadda ta kai Eke, ko kuma gurbin gayyata da ake ware wa ƙasashen da ba su cika samun wakilci ba. Wasu suna ganin wannan hanya ce ta guje wa gasa mai zafi a Amurka, inda mutum biyar kaɗai ake ɗauka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda ya zaɓi ƙasar iyayensa yakan rasa ɗimbin tallafin da 'yan tawagar Amurka suke samu, kuma gurbin nahiya ba kyauta ake ba da shi ba.

Yaya suke haɗa karatu da horo, kuma ana biyan su?

Dokar NCAA ta taƙaita ayyukan wasa na dole zuwa sa'a 20 a mako a lokacin kakar wasa, kuma sai ɗalibi yana cikakken karatu yana kuma cin jarrabawarsa kafin a bar shi ya fafata. A bisa al'ada kaka huɗu ake ba mutum cikin shekara biyar, sai dai annobar korona da ta sa aka soke gasar ƙarshe ta 2020 ta sa aka ƙara wa 'yan wancan lokaci shekara ɗaya. Wannan da shekarar rauninsa ne suka sa Juda, wanda ya fara a 2020, ya kai har 2025. Kakar jami'a tana tafiya daga Janairu zuwa Afrilu, sannan wanda yake cikin tawagar ƙasa ya wuce kai tsaye zuwa gasar ƙasa a damina da ta duniya a kaka, ba tare da wani hutun kirki ba.

Ta fuskar kuɗi, har zuwa 2025 kowace ƙungiyar jimnastik ta maza ba ta da izinin raba abin da ya wuce cikakken tallafin karatu 6.3, wanda ake gutsuttsurawa tsakanin samari kusan 20, don haka da yawansu iyayensu ne suke biyan kaso mai tsoka na kuɗin makaranta. Daga Yulin 2021 aka ba ɗalibai damar karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Kafin wannan lokaci, da irin su Richard sai sun zaɓa tsakanin jami'a da kuɗin talla.

Shin gasar mako-mako ta jami'a ba ta gajiyar da ɗan wasan da yake harin Olamfik?

Masu wannan ƙorafi suna da hujja. Gwanayen Sin da na wasu ƙasashe suna shafe watanni suna koyon sabon salo mai wahala ba tare da an tilasta musu fita gasa ba, alhali ɗan jami'a a Amurka yana fafatawa kusan kowane ƙarshen mako tsawon wata huɗu, kuma kocinsa yana son salon da ba za a faɗi ba, ba wanda ake kan koyo ba. Wuyan hannu da kafaɗa da idon sawu suna biyan kuɗin wannan zirga-zirga, kuma ratar wahalar salo da aka ambata a amsar Paris tana da nasaba da hakan.

Duk da haka, mai wannan rubutu yana ganin ribar ta fi asarar. A gasar jami'o'i ma duk makin wanda ya hau ake ƙirgawa, inda tun 2025 mutum huɗu suke hawa ana lissafa huɗun. Saurayin da ya yi shekara huɗu yana ɗaga hannu ga alƙali alhali ya san cewa idan ya zame abokan ɗakinsa ne za su kwana da baƙin ciki, ya riga ya saba da irin nauyin da ake ɗauka a wasan ƙarshe na Olamfik. Sannan yana horo ne kullum a gefen wanda ya fi shi, wanda kuma zai ga kuskurensa tun kafin koci ya yi magana. Hawa 18 babu faɗuwa ba a koyon sa a sansanin mako uku.

Me ya biyo bayan Paris a jami'ar?

Richard da Juda sun koma aji, suka kuma koma ƙungiya. A watan Afrilun 2025 aka yi gasar ƙarshe ta jami'o'i a zauren Crisler, a gidan Michigan, lokacin Stanford tana riƙe da kofin sau biyar a jere tun 2019, kuma Hong, abokin tawagarsu a Paris, yana ɓangaren Stanford. Gasar ta tafi kai da kai har sai da ta rage hawa ɗaya, tsallaken tebur na Juda, wanda shi ne wasansa na ƙarshe a rigar jami'ar. Da maki ya fito, Michigan tana da 332.224, Stanford 332.061, wato tazarar da ba ta kai abin da ake cirewa a babban taku ɗaya bayan dira ba. Richard ya ci shida-duka karo na biyu, Juda kuma ya ci tagwayen sanduna.

In har jami'o'i ne tushen wasan, me ya sa ake cewa yana cikin haɗari?

Saboda rijiyar tana ƙafewa. A wajajen 1970 jami'o'i da kwalejoji fiye da 200 ne suke da ƙungiyar jimnastik ta maza, amma zuwa 2025 saura 15 a ƙarƙashin NCAA, 12 daga cikinsu a babban rukuni, kuma uku daga cikin 12 ɗin makarantun horar da hafsoshin soja ne. UCLA, wadda ta ba da rabin tawagar zinare ta 1984, ta rufe ƙungiyarta a 1994. A 2020, lokacin da korona ta taɓa aljihun jami'o'i, Iowa da Minnesota suka sanar da rufe nasu bayan kakar 2021. Minnesota ita ce jami'ar da Newt Loken ya yi wasa yana ɗalibi, kuma a shekarar da aka rufe ƙungiyarta ɗan wasanta Shane Wiskus ya shiga tawagar Tokyo.

Sau da yawa ana ɗora laifin a kan dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta wajabta wa makarantu ba mata dama daidai da maza, har a wasanni. Gaskiya ne cewa jami'o'i da dama sun daidaita lissafinsu ta hanyar rufe ƙananan ƙungiyoyin maza. Amma dokar ba ta ce a rufe komai ba; shugabannin jami'o'i ne suka zaɓi su yanke daga inda ba a kawo kuɗin shiga, suka bar ƙwallon ƙafa irin na Amurka da tallafin karatu har 85 a ƙungiya ɗaya. Wanda ya kwatanta 85 da 6.3 ya san inda kuɗin suke. Illar kuwa ba a jami'a take tsayawa ba, domin iyayen da suka ga babu gurbin karatu a gaba sukan janye yaronsu daga wasan tun yana ɗan shekara 12 ko 13, kuma kocin da zai horar da yara gobe yawanci tsohon ɗan wasan jami'a ne. An ɗan samu sauƙi da ƙananan makarantu biyu, Greenville da Simpson, suka buɗe sababbin ƙungiyoyi da suka fara fafatawa a 2023.

Yaron da yake Najeriya ko Nijar zai iya bin hanyar Uche Eke?

Ƙofar a buɗe take a bisa doka, domin jami'o'in Amurka suna ɗaukar 'yan wasa daga ƙasashen waje, amma hanyar tana da tsawo, kuma ba daidai ba ne a yaudari kowa. Waɗanda suke shiga irin ƙungiyar Michigan sun fara ne tun suna ƙanana ƙwarai, sun yi shekara goma ko fiye a hannun ƙwararren koci, kuma koci a jami'a yana duba sakamakon gasa ta ainihi da hoton bidiyo na wasa a kan kayan shida, sannan ofishin ɗaukar ɗalibai ya duba takardun makaranta. Gurabe kuma kaɗan ne, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna.

Abin da ya fi zama shinge shi ne kayan aiki. Yaran da suke alkafura a kan yashi ko tulin buntun shinkafa suna da ƙarfin zuciya da sauƙin jiki da kowane koci zai yi sha'awa, amma juyi biyu a iska ko sakin sandar sama ba a koyon su lafiya sai da rami mai cike da soso, da katifu masu kauri, da babban mutum a tsaye wanda ya san inda zai sa hannu ya tare yaro. Gwada su a kan ƙasa mai tauri yana iya karya wuya. Richard ya ɗauki wannan matsala da muhimmanci, domin a watan Mayun 2025 ya yi alkafurar baya sau 1,111 cikin ƙasa da kwana ɗaya, ya kafa sabon tarihi a kundin Guinness, don tara kuɗin sayen kayan jimnastik ga yara a Afirka. Ga iyayen da yaronsu yake nuna wannan baiwa, matakin farko shi ne a nemi majalisar wasanni ta jiha ko hukumar jimnastik ta ƙasa a tambayi inda ake horarwa da katifa da koci, a kuma riƙe masa karatunsa da kyau, tun da ba a shiga ƙungiyar jami'a sai an fara samun gurbin karatu a cikinta.